Fulas ɗin Husna a Hanyar Kumasi

Tun daga tashar Legas na daina yarda kowa ya taɓa mini fulas ɗin nan. Jakar kayanmu na bar wa kwandasta ya jefa ta inda ya ga dama, amma fulas yana ƙirjina cikin hijabi kamar jariri. Ba shayi ba ne a ciki. Ƙanƙara ce a ƙasa, tsumma a kanta, sannan ƙananan kwalabe biyu na insulin, ruwan allurar da 'yata Husna ke rayuwa da shi.

Shekararta shida a lokacin. Tana 'yar huɗu wani likita a Zariya ya zaunar da ni ya ce akwai wata tsoka a bayan tumbi, fankiriyas, ita ke fitar da ruwan da ke sa suga ya shiga jiki ya zama ƙarfi, to ta Husna ta daina aiki. Ya ce in bar neman dalili, in koyi allura. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, na koya. Na koyi tsira mata yatsa in ɗiga jinin a kan ɗan tsinken na'urar gwaji, na koyi karanta lambar da za ta fito. Idan ta haura ɗari biyu gabana ya faɗi, idan ta sauka ƙasa da saba'in in ruga neman sukari.

Babanta kuwa shekara uku ke nan yana Kumasi, yana aikin kafinta a unguwar Anloga. Duk zuwan da ya yi gida, da ya ga na ɗauko sirinji sai ya tuna yana da magana da wani a waje. Shi ne ya dinga kirana a waya, wai ubangidansa ya san wani Dokta mai na'ura daga ƙasar waje, na'urar da ke ganin insulin yana fitowa daga cikin jikin mutum. Wai yara da yawa sun bar allura a hannunsa.

"Sa'ade, ki kawo ta. Ke ba ki gaji da huda yarinyar nan ba?"

Na gaji mana. Wace uwa ce ba za ta gaji ba? Shi ya sa na taho.

Iyaka uku muka ƙetare, ban iya tantance wacce ce wacce ba, domin duk kamarsu ɗaya: a sauko, a yi layi, a buɗe kaya. A ɗaya daga ciki wani mai kaki ya zazzage jakata ya ga sirinji. Ya kalle ni, ya kalli hijabina, ya kira ɗan'uwansa suna dariya. Ya fizge fulas ya buɗe, ya ɗaga kwalba a tsakar rana yana girgiza ta kamar mai neman ƙuda a cikin man gyaɗa. Ni ban da yarensa, shi ba shi da nawa. Sai na kama rigar Husna na ɗaga, na nuna masa cikinta, duk tabon allura. Yarinya ta rufe fuska don kunya, maza cike da wuri. Ya mayar mini da kwalaben, amma na'urar gwajin ya jefa ta a aljihun tebur, wai sai an bincika. Direba yana ta hon. Wani fasinja ya ce, "Hajiya, ki bar musu, in ba haka ba a nan za mu bar ki." Na bar musu idona, don ita ce idon da nake ganin cikin jinin 'yata da shi.

A Lome ƙanƙarar ta narke. Na yi ta zagaya tasha da fulas a buɗe ina nuna wa mutane, kowa na kaɗa kai. Wata mai sayar da ɗanyen kifi, ƙatuwar mata mai ɗaurin ƙirji, ta leƙa ciki ta ga kwalaben. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta nuna cinyarta ta yi alamar allura, ta ce wata kalma da na ɗauka "mamata" take nufi, ta fasa ƙanƙarar kifinta ta cika mini. Na miƙa mata abin hannuna ta ture. Har muka isa Kumasi fulas yana ƙarnin kifi, kuma ban taɓa jin ƙamshin da ya kwantar mini da hankali kamarsa ba.

Baban Husna ya tarbe mu a tasha, ya rame, hannuwansa duk tsagar katako. Muka hau ƙaramar bas da suke kira turoturo zuwa Ayigya Zango, gidan ubangidansa Masta Yakubu. Babban gida ne, ɗakuna a jere, rabi ɗaliban jami'ar da ke kusa ne ke haya. Matarsa Mma Memuna tana sayar da zoɓo mai ƙanƙara, su sobolo suke ce masa. Ta rungume Husna tana cewa, "Akwaaba, sannu da zuwa! Yaro nan ya gaji. Kai ma ka gaji, zo ka ci waace." Na waiga in ga da wane namiji take. Ashe da ni take. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Na ci shinkafa da waken nan ina kewar tuwon Innata, ina jin Hausa a kunnena amma ba ta gida ba.

Abin da ban sani ba sai da na zauna shi ne, a Zango baƙo ba shi da baki sai na mai masaukinsa. Wanda ya ba ka ɗaki, ya sama maka aiki, ya tsaya maka a gaban mutane, idan ya ce ga hanya, ka ce masa a'a, to ka zage shi ne. Masta Yakubu ba mugu ba ne. Shi ya ɗauki Baban Husna lokacin da ba shi da ko guduma. Amma shi ya ce Dokta, don haka Dokta ya zama dole.

Washegari da hantsi muka je tare da Masta, can wajen Manhyia, wani shago a bayan masu sayar da taya. Mutane a kan benci har waje. Dokta yana da farar riga da tabarau, da kwamfuta, da wani ɗan akwati mai igiya, a bakin igiyar ɗan ƙarfe kamar muciyar yara. Ya tambayi suna da shekaru ya buga. Ya ba Husna ƙarfen ta riƙe a tafin hannu. Layuka suka dinga gudu a allon, can sai hoton cikin mutum ya fito, wani wuri ya yi ruwan ɗorawa.

"Kun gani? Ja shi ne ya mutu. Kore lafiya. Nasa yalo ne, yana barci kawai. Allura ne ya sa shi lalaci. Ku daina allura kwana bakwai, ya sha kwalba nan safe da yamma, ku dawo."

Na ce, "Dokta, ba ka ɗebi jini ba."

Ya yi murmushi, bai ko kalle ni ba, Masta ya kalla. "Wannan mashin ya wuce jini."

Ni fa ina lura. Tsohon da ya riga mu shiga, mai ciwon gwiwa, shi ma cikinsa ruwan ɗorawa ya yi a daidai wurin. Na raɗa wa Baban Husna a turoturo, ya ce, "Ke da ba ki gama firamare ba za ki koya wa kwamfuta aiki?" A gaban Masta ya faɗa.

Da muka isa gida ya ce in ba shi fulas. Na ƙi. Ya ce ya san halina, zan yi mata a ɓoye in ɓata aikin Dokta, in kuma kunyata shi a gaban mutumin da ya rufa masa asiri. Muka ja, ya fi ni ƙarfi. Ya kai wa Mma Memuna ya ce ta adana. Ita kuma baiwar Allah, da ta ji an ce magani ne mai son sanyi, sai ta yi mini abin da take ganin karamci ne: ta tura kwalaben can ƙasan firizarta, ƙarƙashin ƙullin sobolo, ta kulle da kwaɗo don kada yara su taɓa.

Rana ta farko Husna ta yi ta shan ruwa kamar an zuba a rairayi. Ta sha, ta fita fitsari, ta dawo ta sha. Na bi ta bayan gida na tsuguna ina kallo: kafin fitsarin ya bushe tururuwa ta yi masa layi. Na kira babanta ya zo ya gani da idonsa. Ya buga wa Dokta waya, Dokta ya ce ciwon ne ke fita. Rana ta biyu ta ƙi abinci, ta ce cikinta na ciwo. Na roƙi Mma Memuna makulli, ta ce, "Ɗiyana, mijinka ya ba ni amana. Bari Masta ya dawo." Kowa yana riƙe da amanar wani, babu mai riƙe da ta yarinyar.

Safiyar rana ta uku na fito da ita bakin famfo in wanke mata amai. Numfashinta ya canza, tana ja daga can ƙasa kamar wadda ta yi gudu. Wata 'yar haya mai ɗaki na ƙarshe tana ɗibar ruwa, doguwa, da ɗan gyale, sunanta Fuseina, mutuniyar Tamale. Ta ajiye bokiti ta sunkuya ta shinshina bakin Husna, ta ɗago da sauri.

"Maman yaro, yana da suga? Ina allura nasa?"

Na fashe da kuka na gaya mata. Ba ta tsaya jin ƙarshe ba, ta ruga kemis na bakin titi ta aro na'urar gwaji. Ta tsira yatsa, lamba ta fito: ashirin da bakwai. Na yi ihu a kawo sukari, don a lissafin da na sani wannan ai mutuwa ce ta ƙasa. Ta riƙe mini hannu. Ta ce lissafin Gana daban yake da namu, ashirin da bakwai a nan ya kusa ɗari biyar a na'urata ta gida. Da ni kaɗai ce, da na ɗura mata sukari da hannuna.

Ta daka wa Mma Memuna tsawar da ta sa makulli ya fito ba shiri. Aka tono kwalaben. Sun daskare kamar dutse, sun manne da ƙullin zoɓo. Fuseina ta juya su a hannu ta ce, "Ya lalace. Insulin yana son sanyi, amma in ya yi ƙanƙara ya mutu." Abin da na ɗauko a ƙirjina na ƙetare ƙasa uku da shi, abin da mai kifi ta cece shi, ga shi an kashe shi da karamci. Mma Memuna ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni kuwa ban san inda zan ajiye fushina ba.

Tasi muka ɗauka zuwa asibiti. Aka sa mata ruwa hannu biyu. Wata nas ta tambayi yaushe aka yi mata allura ta ƙarshe, da Fuseina ta fassara amsar, sai ta juyo kaina da faɗa cikin yarensu, tana nuna ni da biro. Ni aka yi wa faɗan. Babanta yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ba wanda ya ce masa kanzil.

Kwana huɗu muka yi. Kullum da la'asar Fuseina takan biyo daga makaranta ta kawo mini koko da ƙosai. A rana ta biyu, da Husna ta buɗe ido ta nemi ruwa, hankalina ya ɗan dawo, na tambaye ta ko ita likita ce. Ta yi dariya ta ce a'a, ɗaliba ce, amma aikin da take yi a ɗakin bincike shi ne daidai abin da Dokta ya ce na'urarsa na yi. Ta ciro waya ta nuna mini hoto mai motsi.

Wani ɗan faranti ne da ruwa a ciki, an ƙara girmansa da madubi. A tsakiya wani ɗigo kamar ƙwan kifi. Ta ce wannan ƙwaya ɗaya ce daga fankiriyas ɗin ɓera, irin ƙwayoyin da ke yin insulin. Sai ga wani baƙin zare ya taho a hankali ya tsaya dab da ita. Ta ce zaren gawayi ne, ya fi gashin kai siranta, an shafa masa wani sinadari a baki, kuma an haɗa shi da lantarki. A gefe akwai layi miƙe yana tafiya. Ta ce, "Duba, yanzu zan zuba ruwan suga." Aka ɗan jima. Sai layin ya yi tsalle. Ya sake. Ya dinga yi kamar haƙoran zarto.

"Kowane tsalle, ƙwaya nan ya tofo insulin ke nan. Insulin ya taɓa zare, wuta kaɗan ya motsa, mashin ya rubuta. In bai taɓa ba, ba komai. Shekara biyu ina wannan, wani rana tun safe har yamma ba tsalle ko ɗaya."

Na karɓi wayar na sake kallo har sau uku. Ban san yadda zan faɗa ba. Abin da jikin 'yata ya daina yi ne nake gani ƙwayar ɓera tana yi, a sauƙaƙe, kamar ba komai ba. Na ce mata ashe kamar tsinken gwajina ne, sai jini ya taɓa shi yake magana. Ta ce, "Yawwa! 'Yan gida ɗaya ne." Na ce to ƙarfen Dokta me ya taɓa? Ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini. "Gumi."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba. Ranar da aka sallame mu da sabon insulin, muna shiga gida Masta Yakubu ya kira Baban Husna gefe. Ya dawo yana sosa ƙeya. Wai Dokta ya ce mun yi gaggawa, da mun ƙara haƙurin kwana biyu da ciwon ya gama fita. Wai mu koma a sake aunawa, idan ya nuna kore, a bar allura gaba ɗaya. Na ce masa yarinyar da ta kusa mutuwa? Ya ce, "Sa'ade, ki gane. Mutumin nan shi ne gatana a garin nan. In na ƙi, da wane ido zan kalle shi a shago?" Fuseina ta yi masa bayani, ya ce ita ɗaliba ce, wancan Dokta ne. Na gane bakina da nata ba za su taɓa rinjayar allon kwamfuta ba. Sai dai allon ya yi magana da kansa.

Na ce to, mu je.

Da sassafe na yi wa Husna allurarta a banɗaki. Na fita bakin titi na sayi ƙaramar doya. Na yanke kanta, na ƙwaƙule rami da wuƙa daidai shigar yatsa, na jiƙa ramin da ruwan gishiri, na ɗaure ta a cikina da ɗankwali. Na sa hijabina mafi girma.

A shagon Dokta na ɗora Husna a cinya na lulluɓe ta har wuya, na ce sanyi take ji tun asibiti. Ya buga sunanta da shekarunta, ya miƙo ƙarfen. Na karɓa na shigar ƙarƙashin hijabi. Na lalubi ramin na cusa shi. Layuka suka fara gudu. Masta da Baban Husna suka matso. Ina cewa a raina idan na'urar ta ƙi tashi na shiga uku.

Hoton ciki ya fito. Kore shar.

Dokta ya tafa hannu. "Allahu akbar! Kun gani? Ya tashi! Magani na ya yi aiki, asibiti sun zo sun ci suna. Daga yau ba allura."

Baban Husna ya juyo gare ni, idonsa ya cika da hawaye, yana murmushi. Wallahi wannan murmushin ya fi komai yi mini ciwo, don na san da gaske yake so.

Na ce, "Husna, nuna wa Baba hannuwanki."

Ta fito da su biyu, tana riƙe da 'yar tsanarta. Na yaye hijabi. Na kwance ɗankwali, na ɗora doya a kan teburin Dokta, ƙarfensa a tsaye a cikinta, igiya na reto.

Na ce, "Barka da arziki, Dokta. Doyarka ta warke."

Sai wata tsohuwa a kan benci ta ƙyalƙyale da dariya, ta fassara wa na kusa da ita cikin yarensu, dariya ta bi layi har waje. Dokta ya miƙe yana cewa na ɓata masa mashin, mace mara tarbiyya, baƙuwa ta zo ta raina mutane. Na ce, "Ni ce mara tarbiyya? Kwana huɗu 'yata na kwance da ruwa a hannu biyu, ka zo ka duba ta?" Ban taɓa ɗaga muryata a gaban maza haka ba. Masta Yakubu ya daɗe yana kallon doyar, sannan ya ɗauki hularsa ya fita. Na zare ƙarfen na ɗauki doyata, don ni na saye ta.

Kada a ɗauka an rufe shagon. Da muka wuce ta wurin bayan mako guda, benci a cike yake. Wannan ne abin da har yau ke hana ni sakewa in na tuna Kumasi.

Muka hau turoturo zuwa gida. Na san na kunyata mai masaukinmu a bainar jama'a, kuma na shirya jin an ce mu tattara. Amma da muka isa, Masta ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Mma Memuna ta ware wuri a ƙofar firij, ba firiza ba, kuma kada a sake sa kwaɗo. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma a wurin dattijo irinsa na san ba kaɗan ba ne.

Da la'asar lokacin allura ya yi. Na wanke hannu, na ɗauko sirinji, ina jiran in ji takun Baban Husna ya nufi ƙofa kamar kullum. Bai tashi ba. Yana zaune a bakin katifa yana kallon hannuwansa.

Can ya ce, "Koya mini."

Na kalle shi. Fushina bai huce ba, kuma ban yi niyyar ya huce da wuri ba. Na ce ba a jikin 'yata zai koya ba. Na jawo doyar daga ƙarƙashin gado na ajiye a gabansa, na ba shi tsohon sirinji da kofin ruwa.

Mutumin da ke buga ƙusa ɗari a yini, ya kasa saita allura a kan doya. Ya soka a karkace, allurar ta lanƙwashe. Husna ta sauko daga cinyata ta tsuguna kusa da shi, ta kama yatsunsa ta gyara.

"Ba haka ba, Baba. A miƙe. Kuma ba a rufe ido."